Wata Huɗun da Na Raba Baba da Ciyayya

Shekarun baya, ban daɗe da yin aure ba, na yi wa mahaifina wani gata da ya kusa kwantar da shi. Na jima ina son ba da labarin nan, sai in fara rubutawa in goge, don ina tsoron kada wani ya karanta ya ce na ce a daina bin maganar likita. Ban ce ba. Ni ba likita ba ne, ilimin ƙasa na karanta a jami'a. Abin da ya faru a gidanmu kawai zan faɗa.

Mahaifina malamin dabbobi ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana bin rugage yana yi wa shanu allura, kafin ya yi ritaya ya zauna a gidanmu na gado a Koki. Asalinmu Fulani ne, ko da yake ni ban da gaisuwa ba abin da na iya a yaren. A layinmu akwai al'adar da na taso na tarar, wato ciyayya. Da an idar da sallar Magariba za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa daga cikin gida, a jera a tsakiya. A buɗe ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Su bakwai ne, kuma kusan dukansu sun ajiye aiki ko sun bar wa 'ya'ya kasuwa.

Biyu daga cikinsu ne suka fi shiga labarin nan. Akwai wani tsohon hedimasta, wanda har a kan tabarma sai ya tsara wa mutane inda za su zauna. Sai aminin Baba, wani Babarbare mai ɗinkin hula, wanda kakanninsa suka zo daga Borno tun ba a haifi kowa a layin ba. Wanda ya san wasan Fulani da Barebari ya san sauran. Tunda nake ban taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba.

"Bafillace, yau ma an kwana da rai?"

"Ina zan tafi in bar bawana ba ubangida?"

Gaisuwar safe ke nan.

Shekara guda da ritayar Baba, jiri ya ɗebe shi a hanyar masallaci. Muka je asibiti aka ce hawan jini ne. Likita ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, a rage dunƙule, a rage mai. Magana ce ta minti biyar, amma ni na dawo gida na buɗe waya na yi ta karatu, har na san sunan duk wata cuta da hawan jini ke jawowa. Na sayo na'urar awo ta gida. Mahaifiyata ta janye gishiri daga tukunyarmu tun ranar.

Jinin ya ƙi sauka yadda nake so. Na yi ta tunani, har wata rana ina tsaye a zaure ina kallon kwanuka suna fitowa daga gidaje, abin ya faɗo min. Kwanonmu ɗaya ne cikin bakwai. Baba na cin loma uku marasa gishiri, ya bi su da na gidaje shida da aka zuba wa komai.

To, ya zan yi? A cikin gari ba ka cewa mahaifinka ya daina cin abincin maƙwabci. Ko a mafarki ba na iya furta wannan. Sai na ga hanya ɗaya ce ta rage, in ɗauke shi daga layin gaba ɗaya. Lokacin ina haya a wata sabuwar unguwa can bayan gari, gida mai doguwar katanga da get, ba hayaniya, ba ƙurar lungu. Na ce nan ya dace da mai hawan jini.

A nan sai na yi muku wani bayani. Ni ne ɗan fari. A gidanmu Baba ba ya kiran sunana, ba ya doguwar magana da ni, ba ya ma kallon inda nake in da hali. Mahaifiyata ma haka, "wancan" take ce min. Ba rashin so ba ne, kunya ce, kuma da ita na girma. Don haka ranar da na durƙusa nesa da shi na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa wai ko zai yiwu, in ba takura, su ɗan zo wajena na ɗan lokaci, bai ce komai ba sai "To." Na tashi ina murna na shawo kansa. Ni da na fi kowa sanin cewa ba zai taɓa zama ya yi musu da ni ba.

Na ba su ɗaki mai banɗaki a ciki, da fanka da talabijin. Matata ta ɗaura ɗamara, kullum tana girki biyu, ta jera wa Baba nasa a faranti ta kai. Sai farantin ya dawo an taɓa gefe ɗaya. Muka ce ko tuwon ne bai yi masa ba, aka koma shinkafa, aka koma dambu, aka koma fate. Duk ɗaya.

Wata rana na ce bari in zauna mu ci tare, wai ko zai ji daɗi. Ina zama ya janye hannunsa ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin Baba yana tauna abu a gabana ba. Da mahaifiyata kuwa, tunda suka yi aure ba su taɓa haɗa kwano ba, ba kuma a tsufa za su fara ba. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma gaisuwarmu ta tagar mota ce. Masallacin unguwar da nisa, sai ya koma yin yawancin sallolinsa a ɗaki.

Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne, jinin ya sauka. Kullum in na ɗaura masa na'urar sai in ga lambobi masu kyau, in fita ina jin ni wani ne. Lambobin nake kallo, ban kalli hannun da nake ɗaura wa ba. Sai da na lura ina ƙara matse abin ɗaurin sati bayan sati kafin ya kama damtsensa.

Ya daina kunna rediyo. Yakan koma barci bayan karin kumallo. Wata Talata ya tambayi mahaifiyata ko an goge masa rigar Juma'a, don kada ya makara. Mutumin da ya saba takawa daga ruga zuwa ruga ya fara dafa bango kafin ya kai ƙofar falo. Na mayar da shi asibiti aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Likitan ya dubi sikeli ya dube ni, ya ce, "In ya ci gaba da zubewa haka, zuwa na gaba gado za mu ba shi."

Da muka dawo, ina falo, mahaifiyata na kicin da matata, ta ɗaga murya yadda ta san zan ji.

"Ki gaya wa mijinki, mutumin nan tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa ganin ya sa hannu a kwano shi kaɗai ba."

Na ji, kuma na gane. Amma sai na ce a raina, in na mayar da shi gishiri na jiransa, in na bar shi yunwa na cinsa. Na tsaya a tsakiya, kamar yadda na saba, na ƙara ɓata sati guda ina auna wanne ya fi haɗari.

Ran wata Asabar bayan La'asar na ji ana dukan get kamar za a ɓalle shi. Na buɗe, sai ga adaidaita sahu yana juyawa, ga Babarbare da hedimasta a tsaye. Babarbaren na riƙe da kwano ɗaure a ƙyalle.

"Kai ne gandiroban?" ya ce. "An ce a gidan yarin nan aka kulle min bawa."

Na durƙusa na gaishe su. Na ce, "Sannunku da zuwa, Baba. Sai dai, wato, in ba damuwa, kwanon nan... likita ya ce..."

"Ya ce me?"

"Gishiri, Baba."

Ya miƙa wa hedimasta kwanon, ya cusa hannu a aljihun riga ya zaro katin magani ya ɗaga min. Irin na Baba ne sak. Hedimasta ma ya dafa nasa aljihun ya ce, "Ga nawa nan. Mu biyar ne a tabarmar nan muke sha. Ka zaci ubanka ne ya ƙirƙiro ciwon?"

"Matsa min, ɗan boko," in ji Babarbare, ya wuce ni.

Baba na kwance ya juya wa ƙofa baya. Amininsa ya tsaya a bakin ɗakin, na ga fuskarsa ta canza na ɗan lokaci, sai ya gyara murya.

"Kai, Bafillace! Dama can ku ba auki, yanzu kuma ka koma sandar kiwo? Ina zan kai ka a saya?"

Baba ya juyo a hankali. Ya dafa katifa ya tashi zaune ba wanda ya taimaka masa.

"Wa ya buɗe wa Babarbare ƙofa?" ya ce. "Ku ƙirga cokulan gidan nan kafin ya fita."

Rabon da in ji jimla mai tsawon wannan daga bakinsa har na manta. Na kawo ruwan wanke hannu na fice, don na san in ina wurin ba zai ci ba. Na zagaya bayan taga na laɓe, ni da gidana. Burabusko ne da miyar yakuwa. Ina jin ƙarar kwano, ina jin ana ba shi labarin layi: wa ya aurar da 'ya, wa ya dawo daga Umara, wane ne ya yi rigima da mai gyaran kwata. Baba na tambaya, yana gyara musu labarin da ba ya nan aka yi.

Can sai na ji muryarsa ya ce a tambayi masu gida ko akwai sauran tuwo. Matata ta kai musu nasa na dare, wanda ko ƙwayar gishiri babu. Babarbare ya kai loma ɗaya ya ce, "Subhanallahi, wannan miyar takaba take yi?" Suka kwashe da dariya, suka cinye shi tas, su uku. Tuwon da wata huɗu yana dawo mana. Na jingina da bangon nan na rasa inda zan sa kaina.

Da za su tafi, hedimasta ya ja ni gefe. Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

"Ba mugunta ka yi ba, mun sani," ya ce. "Amma bari in tambaye ka. Mu can, in ba a ga mutum a sallar Asuba ba, kafin rana ta fito an buga masa ƙofa. Ranar da jiri ya ɗebi ubanka, kafin ya kai ƙasa hannu huɗu sun tare shi. A nan fa? In uwarka ta shiga wanka, kai kana ofis, wa zai ji?"

Kwana biyu bayan nan na mayar da su Koki. Mota ba ta shiga lungunmu, sai da muka riƙe shi ni da ƙanena muka taka da shi. Kafin mu kai ƙofa an cika zauren.

Sai dai tsoron gishirin bai bar ni ba, kuma ina ganin ba laifi ba ne da bai bar ni ba. Washegari bayan Magariba na je na durƙusa a gefen tabarmarsu. Har da 'yar takarda na rubuto abin da zan faɗa, don kada in rikice. Na ce ina neman alfarma, in zai yiwu, in ba zai zama rashin ladabi ba, ko za a ɗan yi wa iyayenmu mata magana a rage gishiri a kwanukan da ake fitowa da su.

Baba ya sunkuyar da kai kamar bai san ni ba. Sai Babarbare ya nuna ƙofar gidansa.

"Ga hanya can. Shekara arba'in ina zaune da Hajiya ban taɓa ce mata miyarta ta yi kaza ba, shi ya sa ka gan ni da rai. Kai da ka yi digiri, shiga ka faɗa mata."

"In ka fito lafiya ka biya ta gidana," in ji wani daga ƙarshen tabarma.

Haka na naɗe takardata na shige gida suna ta dariya. Mahaifiyata ta ji komai daga tsakar gida. Washegari da hantsi ta ɗauki mayafi ta fita. Kafin Azahar ta dawo, ta zagaye gidajen shida.

Abin da ta samo, wanda ta ba ƙanwata labari ni kuma ina saurare, ya ba ni mamaki. Kusan kowacce a cikinsu an taɓa yi mata maganar gishiri a asibiti saboda mijinta. Wasu ma sun daɗe da ragewa a abincin cikin gida. Amma kwanon ciyayya gaban maza shida na wasu gidaje zai je. Wace ce za ta yarda a buɗe nata a ji shi lami, gobe a ce matar wane hannunta ya mutu? Don haka in an zo zuba na waje, sai a ƙara barbaɗa ɗan gishiri da rabin dunƙule, don kare mutunci. Kowacce na yi, kowacce na jin ba daɗi, kowacce na jiran wata ta fara. Mahaifiyata ba ta roƙi kowa ba. Cewa kawai ta yi su sa rana su fara tare, yadda ba wadda za a nuna. Suka sa Alhamis.

Ranar ina zaure ina leƙe. Aka buɗe kwanon farko, na gidan hedimasta. Babarbare ya ɗanɗana ya ce, "Malam, fansho ne bai fito ba, ko gishiri ne ya yi tsada a gidanku?" Hedimasta ya ɗaure fuska. Aka jawo na biyu, haka. Na uku, haka. Da aka zo kan na Babarbare ya gyara zama ya ce yanzu za su ci abincin mutane. Ya kai loma, ya tsaya da ita a baki.

Baba ya dube shi ya ce, "Ci mana, bawana. Juyin mulki aka yi mana a cikin gida."

Dariyar da suka yi har masu wucewa sai da suka tsaya. Kuma ba kwanon da ya koma da saura.

Ba wai daga nan komai ya tafi sumul ba. Babarbare ya yi sati yana zuwa da gishiri ƙulle a takarda, yana barbaɗawa a gefensa a ɓoye, har hedimasta ya kama shi ya ƙwace kamar yadda yake yi wa 'yan aji. Matan kuwa sai abin ya koma musu gasa. Wannan ta ƙara daddawa, waccan ta dage da citta da tafarnuwa, wata ta kawo dabarar dakakken busasshen kifi. Ina jin ba a taɓa cin abinci mai daɗi a tabarmar nan kamar na shekarar ba, ko da yake ni sai dai in ji a bakinsu. Hedimasta ya karɓe na'urar awona, duk Juma'a da yamma yana auna su ɗaya bayan ɗaya. In an gama cin abinci kuma sai ya bi su da tambaya, wa ya sha magani, wa bai sha ba. Baba da nake lallaɓawa kafin ya haɗiyi ƙwaya ɗaya, sai ga shi yana tona asirin wanda ya tsallake.

Sallah biyar a masallaci ta dawo, da ƙafa. Yau ɗaurin aure a Mandawari, gobe gaisuwar rasuwa wajen Ƙofar Mazugal, duk a ƙasa suke zuwa, suna tafe suna musu. Motsa jikin da na yi ta karantawa a waya ban san yadda zan sa shi ya yi ba, ga shi yana yi bai ma san sunansa ke nan ba.

Bayan wata biyu muka koma asibiti. Tun daga bakin get ya riga ni gaba. Likitan ya ɗora shi a sikeli, ya auna jinin, ya sake aunawa, ya duba fayil. Nauyi ya dawo, jini na zaune lafiya. Ya ce, "Alhaji, wani magani aka canza maka ban sani ba?"

Baba ya ce, "Wani Babarbare ne, likita. Sau ɗaya a rana, bayan Magariba. Ɗaci gare shi, amma yana aiki."

Likitan bai gane ba, ni kuwa na juya na fuskanci bango don kada Baba ya ga fuskata.

Na sha tunanin wata huɗun nan. Ba zan ce duk wanda ya ɗauke iyayensa zuwa gidansa ya yi kuskure ba. Wasu ba su da zaɓi, wasu iyayen ma sun fi son hakan, kuma ba kowane layi ke da irin tabarmarmu ba. Abin da na gane game da nawa mahaifin shi ne, ranar da ya bar aiki ya rasa ofis, ya rasa rugage, ya rasa masu jiran zuwansa. Abin da ya rage masa shi ne mutum shidan nan da ke lura in bai fito ba, suke tsokanarsa, suke neman ra'ayinsa. Ni na iya saya masa magani da fanka. Ba zan iya zama sa'ansa ba, ko zan shekara ina ƙoƙari. Kuma matsalar da na kwashe wata huɗu ina fama da ita ni kaɗai, har na kusa illata shi, matan layi sun warware ta tsakanin hantsi da Azahar, ga mutum bakwai a lokaci ɗaya.

Yanzu Baba ya haura saba'in da biyar. Satin da ya wuce na je gaishe shi da safe, na tarar ba ya nan, sun tafi nema wa ɗan maƙwabci aure, shi ne ma mai magana. Na zauna a zaure na fi awa guda. Da ya dawo na durƙusa, ya amsa gaisuwata a tsaye, yana canza hula. Ya leƙa cikin gida ya ce a gaya wa baƙo ya yi haƙuri, ana jiransa a sulhun wasu 'yan'uwa a bayan layi, ya riga ya makara.

Ya fice da saurinsa. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana, ban iya ƙirga mutanen da ya tsaya ya amsa wa gaisuwa ba. Ban taɓa jin daɗin a ce mutum ba shi da lokacina kamar ranar ba.